Likitan Bayan Labule da Lallen Goggo

A shekarata ta biyu a Makka na fara zama da wani Bature wanda ya mutu kusan shekara ɗari uku kafin a haife ni. Haka Goggo take gaya wa maƙwabtanta tana dariya: "Uwata ta yi miji, amma na takarda ne, ba ya cefane." Tana kirana uwata ne saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini. Kuma ba ta yi ƙarya ba, domin a kan mutumin nake rubuta kundin digirina na biyu a sashen tarihi, kuma a lokacin babu wanda na fi yin hira da shi.

Ya bar ƙasarsu yana matashi, ya bi tudu ya bi teku har ya isa Indiya a zamanin daular Mugal, ya maƙale a gefen fada shekaru masu yawa. Da farko aikin bindiga ya yi wa sojojin sarki, daga baya ya ce shi likita ne, aka kuma yarda da shi. Da ya tsufa sai ya zauna ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji: giwaye, da lu'ulu'u, da yadda 'ya'yan sarki suke kashe juna a kan gadon sarauta. Ni duk wannan bai kama ni ba kamar bayanin da ya yi na yadda ake shigar da shi cikin gida idan wata daga matan fada ta kwanta ciwo. Sai a lulluɓe masa kai da mayafi, bayi su kama hannunsa su ja shi kamar makaho, a tsayar da shi gaban labule. Hannu ya fito, ya taɓa jijiya ya saurari bugunta. Sauran bayani kuwa kawo masa ake yi. Wata baiwa ta shiga ta tambayo, ta fito ta faɗa masa, shi kuma ya haɗa magani.

Na tsane shi saboda wannan, tsana mai daɗi irin ta ɗaliba da ta sami abin rubutawa. Na cika shafuka ina tuhumarsa. Ta yaya mutum zai yi wa matan da bai taɓa gani ba magani, sannan ya koma ya ba duniya labarinsu kamar ya san su? Ina rubutawa ina jin kamar ni ce na zo ƙwato musu haƙƙi. Wani lokaci nakan ajiye alƙalami in yi ta tunanin hannun nan da ke fitowa ta labule, ko da awarwaro, ko yana rawa, ko mai shi tana kallon inuwar Baturen tana danne dariya.

Ni da Yayana muke zaune a Rusaifa, a ɗaki biyu saman wani shagon ɗinki. Shi yana karatun hadisi, ni tarihi, dukanmu muna da iƙama, wato katin izinin zama, ta hanyar makaranta. Goggo ba ta da ita. Yayar mahaifinmu ce, ta zo aikin hajji da mijinta tun ba a haife ni ba, mijin ya rasu a nan aka binne shi a nan, ita kuma ta ƙi komawa. Ɗakinta yana can saman dutse a Tandabawi, inda mota ba ta hawa, sai matakalar siminti da ta farfashe. Sana'arta sayar da alkama a ƙananan ledoji ga masu son watsa wa tattabaru a hanyar Harami. A ƙarƙashin gadonta akwai wani akwatin ƙarfe, a cikinsa likkafaninta ne, wanda ta wanke da ruwan Zamzam ta shanya ta ninke da hannunta. Kowa ya san burinta, don ba ta ɓoyewa: a yi mata salla a Harami, a binne ta a ƙasar da aka binne mijinta.

Shekarar ce aka tsananta binciken takardu. Duk inda Hausawa biyu suka haɗu, maganar tarhil, wato korar baƙi, suke yi, wa aka kama, wa aka mayar gida da kayan jikinsa kawai. Goggo ta rage fita. Duk ranar Alhamis nake hawa wurinta da burodi da madara da littafina a jaka.

Wata Alhamis na tarar da ita ta ɗaure babban yatsan ƙafarta ta hagu da tsumma. Fasasshiyar kwalba ce ta yanke ta a matakala. Tana da ciwon suga, na sani, Yaya ma ya sani, shi ya sa da na gaya masa ya ce a kai ta asibiti.

"Asibitin wa?" in ji Goggo da na kawo mata saƙon. "Kafin su tambaye ka ina ke ciwo, sai sun tambaye ka ina iƙama. Ki gaya wa yayanki ya yi ta karatunsa."

Akwai wani likita ɗan Sudan da suke salla masallaci ɗaya da Yaya. Mutumin kirki ne. Ya ce ba zai iya hawa Tandabawi ya duba marar takarda ba, aikinsa zai iya tafiya, amma a riƙa kawo masa labari ta waya, zai faɗi abin da za a yi. Yaya namiji ne, ba zai zauna yana yi wa yayar ubansa tambayoyi a kan jikinta ba. Sai aikin ya faɗo kaina. In hau, in tambaya, in fito bakin ƙofa inda waya ke kamawa, in faɗa wa likita.

"Goggo, ya ce in tambaye ki, yana zafi?"

"Ko kaɗan. Ko kin taka ba zan ji ba."

Na fita na faɗa masa da murnata, ina ganin albishir na kai. Shi kuwa bai yi murna ba, ya ce in tambaya ko akwai kumburi.

"Ɗan kaɗan. Ki gaya masa ƙafar da ta hau dutsen nan shekara talatin, ba kwalbar lemo ce za ta kwantar da ita ba. Shi yana da mata kuwa? In ba shi da ita ga ki nan, ya fi miki wancan mataccen."

Ya faɗi sunan wasu ƙwayoyi, Yaya ya sayo, na kai mata.

A mako na biyu ta ce in taho mata da lalle daga shago. Lalle yana sanyaya ciwo, in ji ta, yana kuma busar da miki, haka aka yi musu tun suna yara. Ban ga laifin hakan ba. Ni ma haka na taso na gani. Na kwaɓa shi a kwanon silba da ruwan lemon tsami, na zauna a tabarma na shafa mata a ƙafar dama, tafi da yatsu da gefe. Da na zo ta hagu sai ta karɓi kwanon ta ce, "Bari, nan ni zan yi." Na kawar da kai, kamar yadda aka koya mini in yi idan babba zai buɗe jikinsa. Da ta gama na naɗe mata duka biyun da leda, na ɗaure da tsumma.

Har yau ina jin kunyar faɗin cewa yammacin nan yana cikin mafi daɗin da na yi a Makka. Ƙamshin lalle ya cika ɗakin, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan akwatin ƙarfe, tattabaru suna guɗa a kan rufin kwano. Ta ba ni labarin ranar da aka sa ta a lalle, ni kuma na ba ta labarin matan bayan labule.

"To su ba su da baki ne?" ta ce. "Sai wata ta faɗa musu inda ke musu ciwo?"

"Kunya ce, Goggo, da tsarin fada."

"Allah sarki. Ai kuwa an sha mutuwa."

Na koma gida na rubuta waƙa a kan ƙafafunta a cikin ƙunshi. Ina da ita har yanzu, ban sake karantawa ba.

Alhamis ta gaba likita ya tambaye ni launin ƙafar. Na leƙa daga inda nake zaune. Zanenta ya rufe har idon sawu, yatsun ne kawai a waje, sun yi baƙi ƙirin. Na ji daɗi, na ce a raina lallen ya kama da kyau. Na fita na ce masa ta yi lalle, ba a ganin launin fata.

"Ki duba da idonki, 'yata," ya ce. "Ki kusanta, ki taɓa, ki shinshina."

"Na duba," na ce.

Ban duba ba. Daga tabarma na hango. Ta yaya zan kama ƙafar yayar ubana in kai hancina? In ce mata me? A gidanmu ko idonta ba na iya kallo idan tana magana. Sai na faɗa wa likita abin da ta faɗa mini: da sauƙi, mikin yana bushewa, tana cin abinci. Ya ce a ci gaba da ƙwayoyin.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa, kuma kowanne na sama masa dalili. Ta fara sa safa, na ce sanyin siminti ne. Ta fara salla a zaune, na ce gwiwa ce. Turaren wuta ya yi yawa a ɗakin har yana sa ni tari, na ce ai Goggo dama mai son ƙamshi ce. Ta daina fita sayar da alkama, na ce tsoron masu bincike ne. A cikin makonnin nan na gama babin da na fi alfahari da shi, wanda na kira Baturen makahon da ke bayar da labarin launi.

Ranar da na gane, da azahar ne. Na tarar da ita da zazzaɓi, ta ce in zuba mata ruwan alwala don hannunta ba ya riƙe buta. Na durƙusa ina zubawa. Ta cire safar dama ta wanke ƙafar. Da ta zo ta hagu sai ta jiƙa hannu ta shafa a kan safa. Idona yana kan ƙafar daman. Lallen ya koɗe, ya koma ruwan goro, har farcen ya tsiro fari daga tushe. Rana ɗaya na ƙunsa su. Kwano ɗaya. Ta hagun kuwa, makon da ya wuce da safar ta zame na hango yatsun, baƙinsu ƙaruwa ya yi.

Na ajiye butar. Na ce, "Goggo, ki yafe mini." Na kama ƙafar na zare safar.

Ta kai mini duka a kafaɗa, amma babu ƙarfi a hannun. Ba zan bayyana abin da na gani ba. Zan dai ce ba lalle ba ne, kuma ya wuce yatsu ya hau gadon ƙafa, kuma na gane abin da turaren yake rufewa. Na ɗauki hoto, na fita bakin ƙofa na tura wa likita. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira.

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba."

"Kin ce mini kin duba."

Bai ƙara faɗa ba, ya ce, "Asibiti yanzu, ba gobe ba, ba bayan magariba ba. Ƙafar ta riga ta tafi. Yanzu ita kanta muke nema. In ya shiga jini, kwana kaɗan ne."

Na kira Yaya, ya baro darasi ya hawo dutsen yana haki. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya faɗa mata abin da likita ya ce, kansa a ƙasa. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce in jawo mata akwatin. Ta buɗe, ta ɗora hannu a kan farin ƙyallen.

"Kwana kaɗan ya ce?"

"Haka ya ce, Goggo."

"To alhamdulillahi. Ku bar ni."

Na fashe da kuka. Na ce mata za su yi mata magani, ba sa korar wanda ya zo a irin wannan hali. Ta ce ta sani. Za su yi maganin, su yanke, su ba ta gado mai tsabta, in ta warke su ɗauki zanen yatsunta su sa ta a jirgi. Ta ga an yi wa wasu.

"Uwata, shekara talatin nake bin layi. Na ci zagi, na gudu daga 'yan sanda da leda a ka, an rushe mini ɗaki sau biyu. Sai da na zo bakin ƙofa za ki janye ni? In je can in yi me da ƙafa ɗaya? A binne ni a bayan gari, mijina yana nan?"

Na juya wurin Yaya. Shi ne mai karatun addini, na ce ya faɗa mata cewa rai ba nata ba ne. Ya faɗa, a hankali, da hujjojinsa. Ta ce, "Na ji, malam. Ba kashe kaina na yi ba, kwalba ce." Ya fito waje ya tsaya kusa da ni, ya ce cikin raɗa, "Babba ce, da hankalinta. In ta ce a'a, ya za mu yi? Mu ɗaure ta?" Na san akwai abin da bai faɗa ba, cewa mu ma za a iya tambayarmu yadda muka san da zamanta muka yi shiru, kuma saura masa shekara ɗaya ya gama. Ban ga laifinsa ba. Ni ma na yi wannan tunanin.

Na koma ciki na roƙe ta. Na durƙusa, na kama hannunta, na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da mahaifiyarta da nake ɗauke da sunanta. Na ce in ta mutu a haka ni na kashe ta, ni na kwaɓa lallen, ni na ce wa likita na duba. Ta ce, "Ke ba ruwanki, ni na ɓoye." Ta juya fuska bango. Aka kira la'asar muna a haka. Jikinta ya ƙara zafi, ta fara kiran sunan mutanen da ban sani ba.

Na fita na zauna a kan matakala. Daga nan ana hango hasumiyar agogo ta saman rufin gidaje, kusa ƙwarai, kamar ka miƙa hannu. Ƙarƙashinta ne wurin da take so a sallace ta. Na daɗe ina kallon wayata. Ban yi wani tunani mai kyau ba, ban yi istihara ba, ban auna komai ba. Na dai san ba zan iya hawowa Alhamis mai zuwa in tarar da ɗakin a share ba. Na danna lambar motar asibiti.

Motar ta tsaya a ƙasan dutse, maza biyu suka hawo da kujera. Da ta gan su ba ta yi ihu ba. Ta dube ni, sau ɗaya, sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska gaba ɗaya. Haka aka sauko da ita, mataki bayan mataki, maƙwabta suna leƙe ta bayan ƙofofi ba wanda ya iya fitowa. Babu abin da ake gani a jikinta sai hannu ɗaya da ya sauko ta gefen kujerar. Na kama wuyan hannun. Jijiyar tana bugawa da sauri ƙarƙashin yatsuna. Sai ta janye shi ta mayar cikin mayafi.

A daren aka yi aikin, aka yanke daga ƙasan gwiwa. Sun kula da ita, ba zan ce ba su kula ba. Ta rayu. Sauran kuma ya tafi daidai yadda ta faɗa. Bayan wata biyu aka sa ta a jirgi zuwa Kano, gidan mahaifinmu. Duk tsawon jinyar ina zuwa kullum, ina wanke ta, ina ba ta abinci a baki, tana karɓa, amma ba ta ce mini uwata ko sau ɗaya ba. Ranar tafiya na kawo mata akwatin ƙarfen. Ta dube shi ta ce wa Yaya, "Ka ce mata ta riƙe. Ita ce mai zama."

Na daɗe ban buɗe kundina ba. Da na buɗe, na karanta babin nan na makaho na kasa gane yarinyar da ta rubuta shi. Ban wanke Baturen ba, har yanzu ina ganin ya yi ƙarin gishiri a wurare da yawa, kuma ya faɗi abin da bai sani ba. Amma yanzu idan na zo wurin labulen, ba shi nake kallo ba. Baiwar nan nake nema, wadda ko layi guda bai ɓata a kanta ba. Ta shiga ta tsaya nesa da gado don ladabi. Uwar ɗakinta ta ce da sauƙi. Ta fito ta ce da sauƙi. Na nemi labarinta a duk littattafan da na samu, babu. Na rubuta babin daga farko, ya fito gajere, cike da abin da ban sani ba. Malamata ta ce ya fi na da, ban ji komai ba.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona a Rusaifa har na gama. Duk Juma'a nake kiran gida. Goggo ba ta karɓar waya in ni ce, sai dai Baba ya shiga ɗakinta ya tambayo, ya fito ya faɗa mini. Wata Juma'a ya ce, "Ta ce a gaya miki da sauƙi. Har ta yi lalle jiya, ta ce ƙafar da ta rage ma tana da haƙƙi."

Na miƙe tsaye da wayar.

"Baba, ka koma. Ka cire mata safar ka duba da idonka. Ka taɓa tsakanin yatsun."

"Ke! Yayata ce fa."

"Na sani, Baba. Don Allah ka koma."

Ina jin numfashinsa, da kukan akuya daga nesa, da ƙarar tabarya a maƙwabta. Sannan na ji takalminsa yana ja a kan siminti, na ji ya yi sallama a bakin ƙofarta. Na danna wayar a kunnena, ina jira.